Ɗaki na Huɗu, Yelwa

Hamajoda dillali ya goya ni a moto,
muka ratsa kasuwa, muka bar hanyar gada,
yana ta zuba kamar kanya:
"Cibiyar Garwa ke nan, Malam. Ga famfo, ga wuta,
masallaci taku goma.
Irin wannan ɗaki ba ya kwana."
Ban tanka ba.
Tun daga kwanar mai tsire, ƙafata ta riga shi isa.

Ƙofar ƙarfe ce yanzu, shuɗiya, da lamba a goshi.
Zauren da Baba ke yankan fata
ya zama shagon cajin waya.
"Kula da dokin ƙofa," in ji shi.
Na riga na ɗaga ƙafa.
Tabonsa na gwiwata tun ina ɗan shekara shida.

Mu tara muka gada.
Gida ɗaya ba ya yankuwa tara,
sai aka mai da shi takarda, takarda ta zama kuɗi,
kuɗi kuwa ka san zamansu da tafin hannu.
Kasona ya raka ni Kusiri, ya raka ni Njamena,
bai rako ni dawowa ba.

Abin da ya gagare mu, Alhaji Bukar Gana ya iya:
ɗaki goma sha ɗaya, bayi biyu, mita ɗaya.
Ya sare mangwaron, ya dasa ɗaki a gurbinsa.
Ya toshe bakin rijiya da siminti
don kada ta faɗi wanda ya haƙa ta.

"Na huɗu ne babu kowa."
Ya murɗa makulli.
Madafin Inna.
An shafe shi da fenti har sau biyu,
amma can a ƙuryar sama
hayaƙin shekara talatin yana leƙowa.

Jaka ashirin duk wata, wata shida a gaba,
ɗaya na ajiya, ladan dillali daban.
Na ce a rage.
Ya yi dariya: "Kai baƙo ne,
ba ka san darajar unguwar nan ba."
Na ƙirga masa. Ya sake ƙirgawa da yawu.

Yanzu ina da maƙwabta.
Danwe soja yana ajiye motonsa
daidai inda aka binne cibiyata,
man inji na ɗiga a kai.
Madam Asta, malamar asibiti, ta shanya kaya
a ƙusar da Baba ke rataye carbi.
Ranar raba kuɗin wuta kowa ya zama alƙali:
wa ke da dutsen guga, wa ya ɓoye firji,
fankar wa ta kwana tana juyi.
Ni nakan biya nawa in yi shiru.
Na san wannan tsakar gida da faɗan da ya fi wannan.

Mutum ɗaya ce ta gane ni,
Goggo Dudu mai ƙosai, ido ya tafi, kunne na nan.
Sallama kawai na yi.
"Wannan muryar Tanimu ce. Kai ne autan Hajjo?
To uwarka ta tafi da bashina,
dala arba'in na man gyaɗa."
Na biya ta nan take.
Ban taɓa jin daɗin biyan bashi haka ba.

Ran biyar ga wata yaron Alhaji kan zo da littafi.
Kullum sai ya tambayi sunana,
kullum sai ya rubuta "mai ɗaki na huɗu".

Da dare, in zafin Binuwai ya hana gari numfashi,
kowa ya ja tabarma waje.
Ni ina ciki.
Na shimfiɗa katifata inda murhu yake a da,
kaina wajen da take zama,
ina jiran a ce tashi, tuwo ya huce.